Gadajen Msiye Dosu

Shekara goma sha ɗaya Msiye Dosu ya yi yana shugabantar wani asibitin mishan a Kwatano, a kan tsohon babur. Abokan karatunsa suna tsokanarsa, wai fadan coci ne da aka manta a ba shi riga. Da wani asibitin kuɗi ya neme shi, bai shawarci kowa ba ya karɓi aikin. Masu asibitin suka ce albashi daban, kuma duk watan da gadaje suka cika yana da kaso mai tsoka. In ba su cika ba, akwai masu jiran kujerar.

Wata uku rabin gadajen ba kowa.

Ran wata Talata ya tafi wani ƙauye bayan Alada, wurin wani tsohon boka. Ɗakin ba taga. A tsakiya ga gunkin yumɓu mai idanun wuri, manja ya bushe a kansa, gashin kaji ya manne, ƙuda sun rufe shi. Dama tsohon ya ce a zo da zanin gado biyu, na asibiti da na gida. Ya ɗinke su da baƙin zare, ya fesa musu giya da bakinsa, ya binne a gindin gunkin.

"Daga yau ba gadon da zai kwana ba mutum, ɗana."

"Marasa lafiyan daga ina za su zo, Baba?"

"Daga gari. In gari ya bayar."

Dosu ya ji sarai. Bai ƙara tambaya ba.

Damina ta shigo, zazzaɓi ya cika asibitin. Dosu ya sayi mota, ya gina bene. Da ruwa ya ɗauke, gado ɗaya ya yi wuni ba kowa. Da yamma aka kawo mahaifiyarsa, ta faɗi tana dama koko. A gadon ta cika. Bayan wata biyu sai ƙaninsa Kosi, sai ɗansa na fari. Matarsa Afiavi ta daina magana. Ta fitar da katifun gidan duka ta cinna musu wuta, yanzu a tsaye take barci.

Dosu ya gane: in gari bai bayar ba, gidansa ke bayarwa. Ya koma ƙauyen, ya tarar tsohon ya mutu, ɗakin ya rufta. Sai ya hana likitoci sallamar kowa. Wanda ya warke ma a ce a ƙara masa gwaji.

Masu asibitin suka ji daɗi ƙwarai. Suka gina sabon ɓangare, suka kira shi ya yanka ƙyalle. Babbansu ya dafa kafaɗarsa.

"Msiye Darakta, ga tukuicinka. Gado ashirin, duk naka ne ka cika."

Aka tafa. Shi ma ya tafa. 'Yarsa Senami, ita kaɗai ta rage masa a 'ya'ya, tana tsaye riƙe da faifan da aka ɗora almakashi. Ta matso ta ce, "Papa, kaina na ciwo." Bai juya ba. Fararen katifun yake kallo, ko ledarsu ba a cire ba.

Duk wanda ya ɗora cin abincinsa a kan ciwon mutane, kada ya ɗauka 'ya'yansa ba mutane ba ne.