Allurar da Ta Gaji da Rana

Ranar da Auta ta fara shiga shagon gyaran kyamara, hadari ya rufe gari, ita ma fuskarta babu walwala. Saurayin da ke bayan kantar shagon ya ɗago kai, ya amsa sallamarta, sannan ya manta da abin da yake kwancewa.

"Ma'aunin haske nake nema," in ji ta. "Na hannu, wanda za a yi aiki da shi a waje. Amma mai sauƙin kuɗi."

"Ke ce mai ɗaukar hoton?"

"Mahaifina ne. Da fim yake aiki tun kafin a haife ni, kuma da ido yake auna rana. Yanzu idon ya fara ƙi, shi kuwa bai yarda ba."

Mai Gyara ya fito mata da guda biyu. Ɗaya sabo ne mai batir, yana nuna ƙananan lambobi a gilashi. Ɗayan tsoho ne mai allura, hasken da ya sauka a kansa shi ke motsa ta. Ya fi araha, allurar kuma babba ce, mai raunin gani ma zai gan ta. Ya gwada su a ƙarƙashin fitilar shago, suka nuna abu ɗaya.

"Kin gani? Tsoho ne, amma bakinsu ɗaya da yaron."

Ta yi ɗan murmushi, ta ɗauki tsohon. Ya karɓi lambarta, wai ko da abin zai ba da matsala.

Saƙonsa na farko bai jima ba.

"Allurar tana aiki kuwa?"

"Tana aljihun Baba. Ya ce cin fuska ne, amma bai dawo mini da ita ba."

"To shi mai allurar fa, ana tunawa da shi?"

"Ana sa shi a addu'a. Ka wadatu da wannan tukuna."

Bai wadatu ba. Kafin damina ta wuce ya koma kiranta Sanyin Ido, ita kuma tana ce masa Mai Allura, har kawunsa ya je neman izini wajen Baba.

Mama ta daɗe tana jinya. Wata safiya ta ce a fitar da ita tsakar gida ta sha rana. Baba ya ɗauko kyamararsa, ya juya baya ya saci kallon allurar, ya saita yadda ta nuna, ya ɗauki hoton matarsa a kan kujera. Kwanaki kaɗan bayan haka Allah ya karɓi abarsa.

Da masu ta'aziyya suka watse, Baba ya wanke fim ɗin. Ya fito baƙi ƙirin. Da ya buga shi a takarda, sai fari fat, babu ko inuwar mutum.

"Wanda ya sayar da abin da ya shafe fuskar mahaifiyarki, shi zan ba aurenki?" in ji Baba. "Ga ɗan aminina can mai babban shagon hoto, ya daɗe yana jira."

"Baba, ni na zaɓi abin da hannuna."

"Ke kin san haske ne? Shi ya sani."

Auta ta shiga ɗaki ta rubuta: "Kada ka ƙara kirana. Ba don na daina son ka ba, sai don ba na iya kallon Baba yana shafa farar takarda."

Amsa ta zo: "Laifina ne, Sanyin Ido. A fitilar shago na gwada ta, ban fita da ita rana ba. Irinsu idan sun tsufa, a ɗaki suna faɗin gaskiya, a rana sai su gaji su ce haske ya yi kaɗan. Shi ya sa fim ɗin ya sha fiye da kima. Ba na roƙon komai, sai ki roƙa mini fim ɗin a wajen Baba."

Baba ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. "Kai masa. Babu kowa a ciki."

Amma fim ɗin da ya sha haske da yawa bai cika rasa hotonsa ba, baƙin ne ke binne shi. Mai Gyara ya rufe shago, ya shige ɗakin duhu, yana ƙara wa kowace takarda lokaci a ƙarƙashin fitila. Takardu da yawa suka lalace. Can a cikin ruwan wanki, sai ga gefen ɗankwali ya fara bayyana.

Da kansa ya kawo. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa, ya miƙa hoton. Baba ya kai hoton bakin taga, ya matso da shi dab da idonsa. Hoton dishi-dishi ne, amma Mama ce, ta kanne ido saboda rana, tana dariya.

"Tsiya take yi mini a nan," in ji Baba. "Cewa take, Malam, me kake leƙe a aljihu?"

Auta ta rufe fuska da mayafi.

Baba ya sauke hoton, ya juyo wajen saurayin. "Da idona na nan, da na gane ƙaryar allurar nan kafin in danna. Na haɗa nawa da naka na ɗora maka, ɗana. Tashi. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Ranar ɗaurin aure ganin Baba ya kusa ƙarewa, amma ya ce hoto ɗaya dai shi zai ɗauka. A tsakar gidan nan, ango ya riƙe sabon ma'auni, wanda ya gwada a rana sau ba adadi, kusa da kuncin amarya, ya faɗi lambar da ƙarfi. Baba ya saita da lalube.

"Ku yi magana, muryarku nake bi."

"Ga mu nan, Baba," in ji Auta.

"Allah ya yi muku albarka, ya haskaka zamanku, ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba."

Suka ce amin, ya danna.

Hoton ya fito tas. Baba bai taɓa ganin sa ba, amma shi ya laluba bango ya nuna inda za a rataye shi, kusa da na Mama.