Kurame Bakwai a Ɗakin Ƙarshe

"Daga yau kada in sake jin kin tsaya da wanga ɗan ruga bayan an tashi makaranta."

Wasila ta sunkuyar da kai, allin hannunta ya jiƙe da gumi. A ƙofar ofishin hedimasta Yaya Bashar ya tare ta, ko mashin ɗinsa bai kashe ba.

"Yaya, darasi muke shiryawa. Ni ke koyarwa, Malam Ɗahiru ke yi wa kuramen ajina bayani da hannu. In ba mu zauna mun daidaita ba..."

"Malama Safiya ta gaya mani irin darasin. Kuma wa ya san wa yake yi wa alama ta taga? Kin san halin da Bungudu ke ciki da 'yan bindiga."

Safiya na tsaye bakin ajinta tana gyara mayafi. Tun ranar da Ɗahiru ya mayar mata da kwanon abincinta ko buɗewa bai yi ba, ba ta ƙara gaida Wasila ba.

Washegari hedimasta ya raba ajin, wai don a huta da tsegumi. Aka kwashe kurame mata bakwai daga cikin 'yan'uwansu, aka kai su ɗakin ƙarshe, gab da gonar dawa, Ɗahiru kaɗai ke kula da su.

A bakin rijiya Wasila da Ɗahiru suka haɗu lokacin tara.

"Malamata, kin rame."

"Ɗahiru, ɗakin nan ya yi nisa. In an buga ƙarfe ba za su ji ba. A ajina ko ba su ji ba, za su ga kowa ya miƙe."

"Kin gaya wa hedimasta?"

"Ya ce son zuciya ke sa ni magana."

Ya daɗe yana dubanta.

"Ina tare da su, abar ƙaunata. Ran Juma'a kuma kawuna zai zo gidanku, ko da korarsa za a yi."

Ranar Laraba da hantsi aka kira Ɗahiru ofis ya amsa takardar ƙorafi da ta zo daga Gusau. Ya ba yaran rubutu, ya ja musu ƙofa.

Sai aka buga ƙarfe.

Ba bugun tashi ba ne, irin wanda ba ya tsayawa ne. Ƙarar babura kuma na tasowa daga yamma.

Wasila ta kora ajinta zuwa hanyar gari, ta goya ƙarama ɗaya. Da ta waiga, ƙofar ɗakin ƙarshe na rufe yadda take. Ta hango Ɗahiru a guje, kowa na yin gabas shi yana yin yamma.

"Ɗahiru!"

Bai juyo ba.

Har azahar ba labarin Ɗahiru da yaran. Iyaye suka cika ƙofar gidan hakimi, Bashar na cikinsu.

"Ai mun faɗa," in ji wani. "Shi ya miƙa musu su."

Gab da la'asar yaran suka fito daga cikin dawa, riƙe da hijabin juna. Wasila ta ƙirga. Bakwai cif.

Babbarsu, Saude, ta tsaya gabanta, ta fara magana da hannu. Duk taron ba mai ganewa sai Wasila, don haka aka zuba mata ido.

"Mi ta ce?" in ji Bashar.

"Ta ce ta taga ya fitar da su... ya kwantar da su cikin kunyoyin gonar dawa, ya ce kada wadda ta ɗaga kai." Ta sake duban hannuwan Saude. "'Yan bindigar suka fara kutsawa gonar. Sai ya miƙe, ya yi can nesa da su, ya fita kan hanya hannu sama."

Saude ta ƙara wata alama. Wasila ta rufe ido.

"Sun ɗora shi kan babur."

Safiya ta zame ta zauna a ƙasa.

Ran Juma'a kawun ya zo kamar yadda aka tsara, amma ba da goro ba. Makiyaya sun tsinci gawar Ɗahiru a bakin rafi, sun riga sun binne.

Bashar da kansa ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya shigo cikin gida ya tsaya bakin ɗakinta.

"Wasila... ki yafe mani."

"Yaya, in an buɗe makaranta ka raka ni wurin hedimasta. A mayar mani da yarana ajina."

"Wa zai yi musu bayani?"

Ta dubi hannuwanta.

"Rabin maganar hannun kawai Ɗahiru ya koya mani. Da shi zan fara."