Kiyashi a Gindin Taga

Delu ce ta ji abin. Ɗakinta yana jingine da bangon zangon ciyar da yara na Badaguishiri, kuma daren Talata ta ji wata ƙara da ba ta san irinta ba: zuƙa mai tsawo, sai tofi, sai ƙul-ƙul kamar ana ɗura tulu. Ta ce aljanu ne, ta yi addu'a ta juya. Da safe Majo Mamane, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da zangon, ya ɗanɗana abin da ke cikin duron da ake tara ruwan cuku, ya aika a kira jandarma.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, saura kwana tara layya. Wani likita daga Yamai yana gwada ko ruwan cuku, wato ruwan nan mai ɗan tsami da ke tsiyayewa in an shimfiɗa daskararren nono a tabarma, zai tayar da yaran da yunwa ta tsotse. Ana dama musu kunu da shi, ran Juma'a a ɗora su a sikeli. Da farko nauyi ya yi ta hawa, amma mako uku ke nan ya tsaya cik.

Jandarma Munkaila ya iso daga Illela da hantsi. Mutum ne marar gaggawa, mai yawan kallon ƙasa.

"Rabinshi ruwan rijiya ne, Shef," in ji Majo. "Saude ita ka kawo shi. Ka tafi da ita."

Saude mai cuku tana tsugune bakin ƙofa, igiyar jakinta a hannu. In aka kai ta kaso, ba mai sake sayen ko falle ɗaya na cukunta daga nan har Dogarawa.

"Inna, yaushe kike kawowa?"

"Bayan la'asar, ɗana. Gaban Majo nike juyewa."

"Kana ɗanɗanawa, Majo?"

"Da can. Yanzu aiki ya yi yawa."

"Makulli fa?"

Majo ya jawo shi daga wuyansa. Munkaila ya duba kwaɗo, lafiya lau. Ya kira Dogo mai gadi.

"Mi kaj ji jiya?"

"Ranka ya daɗe, a bakin ƙofa nike kwana, ƙafata bisa dokin ƙofa. Ko ɓera sai ya tsallake ni."

"Ka yi barci ke nan."

"Na yi, amma bisa ƙofar."

Munkaila ya shiga ɗakin ajiyar. Duron yana ƙarƙashin wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe, wadda ko kan kyanwa ba ya shiga. Ya sunkuya ya shinshina bakin duron, ya daɗe. Sannan ya zagaya bayan ginin, inda Delu ta tare shi da labarin aljanunta. Ya sa ta maimaita ƙarar sau biyu, mutane suna dariya, shi bai yi ba.

A gindin tagar kiyashi sun taru, baƙi ƙirin, a wuri kamar faɗin tafin hannu. Kusa da shi akwai wasu tabo irinsa da suka bushe. Ya tsuguna yana kallonsu har Majo ya fara tsaki.

"Motar wa ka kwana nan?" Munkaila ya nuna sawun taya.

"Ta Baƙo direba," in ji Delu. "Ga gidanshi can."

Baƙo ya fito yana goge hannu da tsumma. A tsakar gidansa rago yana ɗaure a turke, fari, gashinsa yana sheƙi, wuyansa ya yi ninki uku. A shekarar da ake ƙirga haƙarƙarin kowace dabba daga nesa, Munkaila bai ga irinsa ba ko a Konni.

"Mi kake ba shi, Malam Baƙo?"

"Harawa da dusa, Shef. Sai albarka."

"Albarka tana sa zawo?"

Kashin ragon a sake yake, ƙuda sun rufe shi. Motar tana ƙofar gidan, Munkaila ya ɗaga kujerarta ya zaro tiyon da direbobi ke zuƙo mai da shi, da mazurari. Ya girgiza tiyon a tafinsa. Abin da ya ɗigo fari-fari ne, yana warin nono da fetur.

Munkaila ya taho da Baƙo gaban zangon, ya zauna ya yi bayani, hularsa a gwiwa.

"In Saude ta surka, a gida za ta surka, ba mai jin ƙara. Kuma duron yana warin fetur, ita ko jaki gare ta. Ta taga aka zura tiyo aka zuƙe, aka mayar da ruwa da mazurari don kar duro ya nuna ragi. Mai jin yunwa in ruwan cuku ya zo bakinshi haɗiyewa zai yi. Direba kaɗai ka tofar da kurɓin farko, don bakinshi ya saba da mai. Kullum a wuri ɗaya yake tofarwa. Ruwan cuku yana da ɗan zaƙi, kiyashi sun riga ni ganewa."

Baƙo ya sunkuyar da kai. "Na ji Majo na cewa abin yana sa ƙiba. Da can awaki aka zuba ma shi. Ban ɗauke shi abinci ba."

"Yara talatin da ɗaya sun ɗauke shi abinci," in ji Munkaila.

Majo ya je gaban Saude ya tsuguna. "Inna, ki gafarce ni."

"Gobe ka ɗanɗana gabana," ta ce, ta kwance jakinta.

Aka sa Baƙo a mota, aka jawo ragon a matsayin shaida, yana tafe yana rangaji, matan zangon da 'ya'yansu a goye suna bin sa da ido. Delu ta leƙo ta kan bangonta.

"To ni ku gaya mini, ragon da ya sha rabon yara, layya da shi ta karɓu?"

Liman yana cikin taron. Ya ci gaba da jan carbinsa.