Talatin da Biyar ko Hamsin

Ya shigo shagon kyamarori ne don sayen gilashin kyamara guda, irin wanda ba ya zuƙo hoto: ko mai lamba talatin da biyar, ko mai lamba hamsin. Sai ya tarar da 'yar mai shagon a bayan teburin ciniki tana goge gilasai da ƙyalle. Nan take lissafi ya kwance masa.

"Talatin da biyar ɗaki yake kwasowa gaba ɗaya," in ji ta. "Hamsin kuwa fuska yake so. Kai me kake ɗauka, ɗaki ko fuska?"

"A da ɗaki ne," ya ce, "amma zan sake tunani."

Tunanin nan bai ƙare ba har damina ta kama. Kullum zai zo, ya ɗaura wannan, ya kwance, ya ɗaura wancan, ya tafi hannu rabbana. Mu da furfura ta cim mana ba mu da bakin dariya, wasunmu har yau takalmi ma sai an zaɓa mana. Ita ta raɗa masa suna Ruwan Ido.

Wata rana ya ari talatin da biyar, ya matso dab da fuskarta ya ɗauka, ya tura mata a waya. Ai kuwa hanci ya fito ya cinye rabin hoton. Amsa ba ta jima ba:

"Ashe haka kake ganina? Na gode. Ga mai bidiyo can yana roƙon in zo ya ɗauke ni."

Mai bidiyon nan mota gare shi, da gilashi mai zuƙowa tsawon taɓarya. Ruwan Ido ya kasa cin abinci, ya rubuta:

"Sanyin idona, laifin gilashi ne da zumuɗina. Duk hancin da aka matso wa haka sai ya kumbura, ko na sarauniya ne. Gobe zan sayi hamsin, in koyi tsayawa inda ya dace."

"Ai na sani, sarkin wauta. A shago na tashi. So nake in ga ranar da za ka zaɓi abu."

Ya saya kuwa. Amma da maganar aurensu ta kai kunnen Baba mai shago, sai ya ce atafau bai yarda ba.

"Mutumin da gilashi biyu suka rikita, shi zan ba wa 'ya? Ranar da gida ya yi zafi ya ce min zai sake tunani?"

Ta yi kuka, mahaifiyarta ta sa baki. Daga ƙarshe Baba ya ce ya zo ya ɗauki hoton iyali a ga hannunsa. Baba ya san gilashin da ya sayar masa, ya kuma san ƙuncin falonsa.

Aka jeru. Ruwan Ido ya yi ta ja da baya har ƙeyarsa ta bugi bango, amma Kaka, da ciwon ƙafa ya zaunar a kujerarta can gefe, rabinta ne a cikin hoton.

"Yanke ni kawai, ɗan nan," in ji Kaka. "An gaji da ganina."

"Haba, amarya, wa zai yanke ki?"

Bai tsaya shawara ba. Ya wangale taga, ya zagaya tsakar gida ana tsuga ruwa, ya lulluɓe kyamara da rigarsa, ya ɗauka daga can.

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Kowa ya fito, har sandar Kaka.

"Me ya hana ka cewa a ɗaga ta?"

"Baba, gilashin nan ba ya matsowa, ba ya ja baya. Mai shi ne ke tashi."

Baba ya yi gyaran murya, ya dubi 'yarsa da ke ɓoye murmushi a bayan mayafi.

"Ke kuma tsayuwar me kike? Ba shi tawul. Kada ya mutu min a gida kafin ya turo manyansa."

Ranar aure ba a bar ango ya taɓa kyamara ba. Baba ne ya ɗauka da kansa, yana ta ƙorafin hayaƙi ya shiga masa ido, alhali babu hayaƙi a wurin. Kaka ta kamo hannayen ango da amarya ta haɗa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'ar da falo ba zai ɗauka ba."

Falo ya amsa da amin. Amarya ta sunkuyar da kai, ta ƙara damƙe hannun mijinta.