Tafin Hannu a Bangon Zinare

"Ya sake fitowa!" na ce.

Na ja da baya har na ture bokitin fenti.

Jiya-jiya aka shafe bangon ɗakina da fari, amma ga shi da hantsi farin yana ɓarewa, ruwan zinare na leƙowa ta ƙasa. Gefen taga kuwa, tafin hannun marigayi mijina ne ke ƙyalli, har zanen yatsunsa.

Shi ya shafa fentin mai walƙiyar da kansa muna amarci. Santsi ya kwashe shi, ya dafa bango fenti bai bushe ba, ya yi dariya ya ce a bar shi nan.

Umma, mahaifiyarsa, tana tsaye bakin ƙofa.

"Kin gani ko? Kullum a shafe, kullum ya dawo. Ɗana bai yarda ba! Ki sallami mai fentin nan, maganar aurenku ta mutu."

Ni da ake yi wa kirarin taurin kai, ranar sai da tsoro ya kama ni. Taga a rufe take, amma labule sai motsi yake.

Mai fenti ya shigo, mutumin da ya dawo mini da dariya bayan na manta yadda ake yin ta. Ya ga bangon, ya sunkuyar da kai.

"Masoyina, faɗa mini gaskiya... aikinka ne ya lalace, ko shi ne?"

"Sabon fenti ba ya kama bango mai ƙyalli sai an goge shi da samfefa, takardar nan mai kaushi, tukuna," ya ce a hankali. "Ni kuwa ban goge ba."

"Don me?"

"Ranar da na fara zuwa, na ga kin ɗora hannunki kan nasa kafin ki fita. In na goge, ya tafi ke nan har abada... Na kasa, rabin raina."

Wani irin son mai fentin ya kama ni, na fashe da kuka. Na sunkuya na ɗauki samfefar.

"Kul kika taɓa!" in ji Umma.

Na kamo hannunta na ɗora kan shatin. Ta daɗe a haka.

"Ashe hannunsa ya fi nawa girma har haka..." ta ce.

Ba ta janye ba. Tare muka goge, garin zinare na zuba kan zannuwanmu, har bangon ya dushe.

Labulen ya tsaya cak.

Ƙofa ta buɗe a hankali, babu kowa, ta mayar da kanta ta rufe.

Umma ta share ido, ta dubi mai fenti.

"Shafa abinka, ɗana."

An ɗaura mana aure, farin kuma bai sake ɓarewa ba. Sai dai duk sanyin da ake yi, wajen nan na gefen taga da ɗuminsa nake jin sa.