Tsamiyar da Aka Kai Lyon

Motar 'yan yawon buɗe ido ta ƙarshe ta gangara daga tudun, Hassoumi ya ja ƙyauren ƙarfe ya datse, farfajiyar ta yi tsit. Matarsa Zouera tana ƙaramin gidansu na bakin ƙofa, tana kaɗa miyar kuka, tana jiran magariba. Ta tagar ɗakin girki tana hango babban gidan, wanda Faransawa ke kira shaton Morvelle, da hasumiyoyinsa, duhu na cinye shi sannu a hankali daga ƙasa zuwa sama.

Sai ta ji ƙwas a kan rufi.

Ta ɗauka 'ya'yan itace ne iska ta kaɗo. Na biyu ya faɗo, ya gangara ta indararo. Na uku kuwa ta taga ya shigo, ya tsaya dab da ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka. Jan dutse ne, marmara, irin wanda ta taka tana yarinya a Damagaram, kuma duk ƙasar Lyon ba ta taɓa ganin irinsa ba. Yana da zafi, kamar wanda ya wuni a rana, alhali ranar ba a ga rana ba.

Tana riƙe da shi ta ji lugude. Taɓarya biyu a turmi ɗaya, can daga cikin babban gidan da mijinta ya kulle da hannunsa.

Wani attajirin siliki ne ya gina gidan, fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ba ɗan sarauta ba ne, amma yana son a ɗauka shi ne, saboda haka ya sa aka yi masa hasumiyoyi da ganuwar da ba ta taɓa tare kowa ba. Ɗansa hafsan soja ne, ya yi zama a ƙasar Damagaram, ya dawo da kututturen wata babbar tsamiya, aka fere shi, aka kafa shi ginshiƙi a gindin matakalar babban zaure. Daga baya arzikin zuriyar ya karye. Sojojin mamaya suka zauna a ciki lokacin yaƙin duniya, bayansu aka mai da shi gidan jinyar masu tari, sannan ya zama kango, tantabaru suka gaje shi. Da hukumar garin ta saye shi ta gyara, sai ya koma wurin kallo. Baƙi suna shiga layi su shafa ginshiƙin, wai yana kawo sa'a, har gefensa ya yi sulɓi.

Hassoumi shi ne aka ɗauka ya kula da ginin. Da suka baro Saint-Denis ta gefen Paris, inda suka yi shekaru a ɗaki biyu a saman bene, Zouera ta yi sujadar godiya a kan daɓen sabon gidan. 'Yarsu ɗaya, Hibatullah, tana karatun tarihi a jami'a, ran Asabar da Lahadi kuma ita ke zagayawa da baƙi tana ba su labarin gidan da Faransanci.

Daren jifan, Hiba ba ta ci abinci ba. Ta zauna ta zuba wa bango ido.

"Hiba, lafiya?"

"Ça va, Maman, lafiya lau. Kaina ne kawai."

"Me kika yi yau a zauren can?"

"Ba komai. Kakata Inna ce ta kira ni a waya daga gida, na jingina da ginshiƙi muka gaisa."

"Da Hausa?"

"To da me zan gaida Inna?"

Daga ranar, kullum rana ta sunkuya sai jifa. Ba ya samun kowa, amma ba ya fashi. Hassoumi ya zagaye lambun da tocila, bai ga ko sawun kyanwa ba. Wata magariba suka nemi Hiba suka rasa. A babban zaure suka same ta, ƙofa a kulle, makulli a aljihun ubanta. Tana zaune a gindin ginshiƙin, ta rungume shi, tana wata waƙar daka da murya irin ta tsohuwa.

An kai ta asibiti, aka yi gwaje-gwaje, aka ce gajiyar karatu ce. Da rana tana nan kamar lafiyarta lau, sai dai ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Da yamma kuwa ba ta amsa sunanta.

"Maman Hiba, mu tattara mu koma Paris," in ji Hassoumi. "Aiki bai fi rai ba."

"Ba inda za ni."

"Kin ji abin da kike faɗa kuwa?"

"Na ji. Na bar Damagaram, na bar Yamai, na bar Saint-Denis. Duk inda na shimfiɗa tabarma sai a ce in naɗe. Wannan karon ba na naɗewa. Kuma in mun gudu, Baban Hiba, abin a jikinta yake. Da shi za mu shiga jirgin ƙasa."

Ya san gaskiya ta faɗa.

Ita ta buga wa Malam Mai Moussa waya. Dattijo ne masani, yana karantarwa a wani masallaci a Saint-Denis, shi ya raɗa wa Hiba suna. Ta gajarta gaisuwa ta zayyana masa komai. Bai katse ta ba. Da ta gama ya tambaya, "Wace rana ake rufe gidan?"

"Litinin, Malam."

"To ku tarye ni a tasha."

Ran Litinin bayan la'asar suka shiga zauren su huɗu. Sanyi ya yi nauyi a wurin, hotunan mutanen gidan na dā suna kallonsu daga bango. Malam ya ƙi a kunna fitila. Ya shimfiɗa darduma yana fuskantar ginshiƙin, ya sa Hiba ta zauna, uwarta a bayanta tana riƙe da kafaɗunta. Ya yi bisimilla ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya sauri.

An daɗe ba abin da ya motsa. Hasken tagogi ya koma ja, sannan ya fara dusashewa. Can Zouera ta ji jikin 'yarta ya sandare a hannunta, ya yi zafi. Hiba ta ɗaga kai. Idanun nata ne, amma mai kallon ba ita ba ce.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Hausa ce tsohuwa, irin wadda Zouera ta ji a bakin kakarta kaɗai.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai tsamiyar. A bakin rijiya take, ina cikinta tun ba a haifi kakanninka ba. Nasara ya zo ya ce inuwarta ta yi wa barikinsa yawa. Tsofaffi suka roƙe shi, ya sa aka kawo gatari. Na ce ba na barin ɗakina. Suka ja ni da shi a bayan raƙuma, suka sa ni a jirgin ruwa, suka kafa ni a nan."

"Me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

"Na ga mai siliki ya mutu. Na ga sojoji, na ga masu tari suna tofar da jini. Yanzu kuma kowane ƙazamin hannu sai ya shafa ni. Duk tsawon nan ba wanda ya yi magana na gane. Sai ga wannan ta jingina da ni tana cewa, Inna ina wuni." Muryar ta taurare. "Tawa ce. Ba na fita."

"Za ki fita, da izinin Wanda ya halicce ki."

"To a yanka mini baƙin rago a nan."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

"To a cinna wa gidan wuta, in ga tokarsa."

"Ba mu zo ɓarna ba."

"To ku bar mini ita!"

Duwatsu suka zubo daga matakala kamar an juye buhu, suna tsalle a kan daɓe. Hassoumi ya dafe bango yana salati. Malam ya ɗaga murya zai ci gaba da karatu, sai Zouera ta saki kafaɗun, ta zagayo ta durƙusa gaban 'yarta, fuska da fuska. Ba ta sunkuyar da ido ba.

"Malam, a gafarce ni, zan yi magana." Ta juya. "Ke, baiwar Allah. Kin ce an shigo miki ɗaki ba sallama, an raba ki da ƙasarki. Gaskiya ne, an zalunce ki. To ke da sallamar wa kika shiga jikin 'yata? Ina kika tura ta? Tun yaushe nake kiran sunanta ba ta amsawa? Abin da Nasara ya yi miki, shi kike yi mata, ba ki rage komai ba."

"Ki iya bakinki, 'yar Adam. Zan iya karya ki."

"Karya ni. Amma ki sani ko a karye ba na tashi daga nan, ita kuma ba na ba ki."

Duwatsun suka daina motsi.

Da muryar ta dawo, ta yi laushi. "Rijiyar tana nan?"

Zouera ta so ta ce tana nan. Ta haɗiye maganar. "Ban sani ba. Ni ma gidan da aka haife ni an rushe shi an yi shaguna. Amma ƙasar tana nan, tsamiyoyi kuma ba su ƙare ba."

"Ban san hanya ba. A rufe aka kawo ni."

Malam ya ce, "In an faɗa miki hanya, kin yi alkawari da Allah za ki fita, ba ki ƙara taɓa ta, ba ki taɓa kowa a gidan nan?"

"Sai dai uwar ta faɗa mini da bakinta. Ita ba ta yi mini ƙarya ba."

"Alkawarin nake jira."

"Na yi. Allah ne shaida."

Malam ya yi wa Hassoumi nuni, ya je ya buɗe babbar tagar kudu. Iska mai sanyi ta shigo. Zouera ta kama hannayen 'yarta biyu.

"Ki bi kogin nan, ki yi kudu har ya kai ki teku. Ki haye. Za ki tarar da duwatsu, bayansu rairayi, rairayi mai yawa, kada ki tsaya. In kin ga doguwar hasumiyar ƙasa, Agadas ce. Ki wuce. Sai Tanut. Daga nan za ki fara ganin gero, ki fara jin daka. In kin hango manyan duwatsu sun hau kan juna, kin iso Damagaram. Sauran ke kin fi ni sani."

Hiba tana maimaita sunayen a hankali. Malam ya ci gaba da karatu. Ta yi atishawa, ta sake, ta sake, sannan ta sulale a ƙirjin uwarta. Labulen tagar ya tashi ya yi waje, kamar wani ya bi ta gefensa.

A lokacin ne ginshiƙin ya yi ƙara, ya tsage daga sama har ƙasa.

"Maman?" Muryar Hiba ce, tata ta kanta. "Me muke yi a nan? Yunwa nake ji."

Zouera ta ƙanƙame ta. Sai yanzu kuka ya zo mata, ta bar shi ya zo. Malam ya tofa addu'a a ruwa ya ba yarinyar ta sha, ya ce a kula da azkar safe da yamma, sannan ya naɗe dardumarsa, ya ce lokacin salla ya yi.

Hassoumi ya tsaya gaban ginshiƙin, ya sa yatsa a cikin tsagar. Wani busasshen gari ya zubo masa a tafin hannu.

"Maman Hiba, gobe me zan ce wa mutanen hukuma? Abu ya fi shekara ɗari lafiya lau."

Zouera ta share fuska da gefen mayafi, ta tallafo 'yarta suka miƙe.

"Ka faɗa musu gaskiya. Ka ce itacen yau ya mutu."