Namu ko Nasu

Ranar Talata ce, a tsakiyar kakar rake, rana ta yi sanyi. Ƙaramin jirgin ƙasan da ke jan rake zuwa masana'antar sukari ta Lautoka ya wuce ta bayan gida kamar kullum, ya bar hayaƙi da ƙanshin ɗanyen rake. Shabnam tana kicin tana murza roti, gurasarsu ta kullum. Mijinta Iftikar yana ɗakin gaba a gaban kwamfuta, shayinsa ya daɗe da hucewa. 'Yarsu ɗaya tak, Rubina, mai shekara goma sha huɗu, tana baranda tana tsince tsakuwa daga cikin dal, ƙananan waken miya, a kan tire.

Ladan bai kai ga buɗe baki ya kira magariba ba, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

"Abban Rubina, leƙa ka gani," in ji Shabnam. "'Ya'yan Mahendra ne da mangwaron nan. Ka ce musu bai nuna ba, su ma ba su nuna ba."

Iftikar bai tashi ba, domin ya fara ƙirge. Shi mutum ne mai ƙirge. Bakwai suka faɗo ta gabas. Aka yi shiru. Bakwai a tsakiyar rufi. Aka sake yin shiru, mai tsawo, har ya ji man da ke cikin kasko yana ƙara. Sannan bakwai ta yamma.

Da ya fita bai ga kowa ba. Gidan Mahendra da ke jikin nasu a kulle yake, sun tafi biki garin Nadi. Duwatsun suna nan a ƙasa da jar ƙasa a jikinsu, da ɗumi kamar an ciro su daga hammata. Rubina tana zaune inda take, tiren ya kife, dal ya watse, idanunta suna kan gonar rake.

Aikin Iftikar rubuta manhaja ne. Shi da ƙaninsa Zakir suka gina wadda ke zana wa direbobin katafila da na injin yankan rake taswirar gonaki: nan a bi, nan a tsaya. Kowannensu yana aiki a nasa reshen, daga baya a haɗe. In sun taɓa wurare dabam-dabam, rumbun ajiyar yakan haɗe aikin da kansa. In kuwa hannu biyu suka faɗa kan layi ɗaya, sai rumbun ya ƙi, ya ce an yi karo. Ya jera kibiya bakwai a sama, ya ja zane bakwai a tsakiya, ya jera kibiya bakwai a ƙasa. Ɓangare ɗaya ya kira shi namu, ɗayan nasu. Daga nan ya tsaya, yana jiran mutum ya zauna ya karanta.

A da, karo abin hira ne a wurinsu. Su haɗa shayi, su jawo kujera ɗaya kusa da ɗaya. Zakir yakan tsokane shi ya ce, "Bhaiya, yayana, kullum sai na tuna maka, kai da furfura ta fara fito maka. In ka ɗauki aikinka ka ɗora a kan na wanda ya riga ka, sunayen juyawa suke yi. Namu ya koma na wanda ka tarar, kai ka zama nasu."

Sai mahaifinsu ya rasu. Ranar addu'ar arba'in aka faɗi wasu maganganu a kan wanda ya yi jinya da wanda bai yi ba, a gaban mutane. Zakir ya kwashe iyalinsa ya koma birnin Auckland, can ƙetaren teku. Aikin bai rabu ba, bakunan ne suka rabu. Shekara biyu suna rubutu a rumbu ɗaya ba ko sallama. Karo kuwa bai daina zuwa ba, kuma kowane karo yana neman a ɗaga waya. Don haka Iftikar ya rubuta wani ɗan ƙaramin abu da ke raba gardamar shi kaɗai: duk inda aka yi karo, ya ɗauki na Iftikar, ya zubar da ɗayan, kada ya tambayi kowa. Ya raɗa masa suna Mai Sulhu. Tun daga ranar bai sake ganin kibiyoyin nan ba.

Ranar Laraba duwatsu suka dawo, daidai lokacin, daidai adadin. Ranar Alhamis Rubina ta daina cin abinci. Uwarta ta kawo mata roti da kabewa, yarinyar ta miƙa hannu ta ce, "Ammi, yunwa nake ji." Kafin yatsunta su kai, wata murya ta fito daga bakin nan guda, busasshiya kamar ana taka ganyen rake, ta ce, "Ba ta jin yunwa." Hannun ya koma cinya.

Suka kai ta asibiti. Likita ya auna abin da zai auna, ya ce jikinta lafiya lau, a ba ta ruwa. Ruwan ma da cokali yake shiga. Zuwa Asabar wuyan hannunta ya zama kamar ƙafar kaza. Shabnam ta daina kuka da sauti. Takan zauna bakin gado kawai tana shafa ƙafar yarinyar, tana cewa "Beti, beti," wato 'yata, kamar mai kiran wanda ya yi nisa a cikin gona.

Ranar Lahadi Iftikar ya buɗe littafin makarantar Rubina. A saman shafi rubutunta ne, ƙanana, masu kyau: Abba ka fitar da ni. A ƙasa wani rubutu ne, karkatacce, wanda ya huda takarda: Gida ya samu. A tsakaninsu an ja zane bakwai. Ya zauna a ƙasa. Muryar ta ce daga kan gado, "Gobe magariba ta bakwai. Ɗaya za a bari."

Shabnam ce ta aika garin Ba aka kira malaminsu, Molbi Sirajul Haq. Ya iso Litinin bayan la'asar a motar haya, tsoho siriri da lema da jakar leda. Aka kawo masa shayi ya ture.

"Ba sukari, 'yata. Garin nan kaf sukari yake ci, ni kaɗai likita ya sa wa ido."

Ya yi alwala, ya sa aka buɗe tagar yamma, ya zauna a kan tabarma daura da gadon. Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Rana tana gangarawa bayan gonaki. Da ya yi nisa, bayan yarinyar ya banƙare, ta tashi zaune ba tare da ta dafa komai ba.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"To mu yi magana. Wane ne kai?"

"Maƙwabci. Muna nan tun jirgin ruwan da ya kawo kakanninsu bai taso ba. Kakan yarinyar nan ya san mu. In ya zo wucewa ta gindin tsamiya sai ya yi sallama, mu amsa, ko da ba ya ji."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ita? Ba komai. Tambayi ubanta ina tsamiyar take. Ita ce gidanmu. Tsohuwata tana kwance a kwata yau kwana tara."

Iftikar ya ce, "Wallahi ban sa a sare ta ba. Iyakar arewa ta gonarmu kawai na miƙar a taswira. Direban baƙo ne daga Labasa, abin da allo ya nuna masa yake bi."

"An gaya maka," in ji muryar. "An rubuta."

Ya ruga ɗakin gaba ya ɗauko kwamfutar. Rumbun ba ya mantuwa, abin da aka zubar ma yana nan ga mai neman sa. Ya koma baya sati uku. A kan layin da ya miƙar, Zakir ma ya sa hannu, an yi karo, Mai Sulhu ya yi aikinsa cikin ƙiftawar ido. Layi huɗu ya zubar. Iftikar ya karanta su a fili, domin Molbi ya ce ya karanta.

"Kusurwar arewa, taku goma sha biyu ta kowane gefe. Tsamiyar Abba. Kada a taɓa. Bhaiya, in ka ga wannan ka kira ni."

A waje ladan ya fara kiran magariba, sama ta yi ja.

"Yanzu mu biyu ne a kan layi ɗaya," in ji aljanin, yana nuna ƙirjin yarinyar da yatsanta. "Ba zan zalunce ka ba. Da hukuncinka zan yi maka hukunci. Kalma ɗaya, ba tambaya, kamar yadda ka koya wa yaron aikinka. Namu, ko nasu?"

"Faɗa mana!" Shabnam ta riƙe hannun rigarsa. "Me kake jira? Tamu ce! Ka ce namu!"

Kalmar ta hau harshensa. Leɓɓansa sun riga sun buɗe. Sai ya ga yadda bakin 'yarsa ya karkace yana jira, ya ji muryar ƙaninsa a kan kofin shayi. Shi da danginsa ne suka zo daga baya. Su aka ɗora a kan waɗanda suka tarar. In ya ce namu, na maƙwabcin ya zaɓa. In ya ce nasu, da bakinsa ya miƙa ta, kuma wa zai tsaya masa a kan abin da yake nufi?

"Ba zan zaɓa ba," ya ce. Hawaye suna zuba cikin gemunsa. "Wannan ba karon da ake rabawa da kalma ɗaya ba ne. Zama ake yi a karanta duka biyun. Na yi laifi ban zauna ba. Ga ni na zauna."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Rubina, ba dariya ba, ba kuka ba.

Molbi ya gyara zama. "Ka ji shi. Kai ma ka san gidan da ka shiga ba naka ba ne, kuma akwai ranar da za a tambaye ka. Faɗi abin da ke naka."

"Tsamiyata."

"Ta tafi. Ko ni ko shi ba mai tayar da ita. Faɗi abin da za a iya."

Aka daɗe ana ja. Aljanin ya nemi gonar duka, Molbi ya ce taku goma sha biyu aka san shi da su. Aljanin ya nemi a bar masa muryar yarinyar har sabon dashe ya yi inuwa, Molbi ya ɗaga hannu zai ci gaba da karatu, sai aljanin ya janye. A ƙarshe suka tsaya a kan uku: a mayar da kusurwar, a dasa tsamiya a kewaye ta, a mayar da layi huɗun nan cikin taswira.

"Yanzu zan mayar," in ji Iftikar, yatsunsa sun riga sun hau.

"Ba kai ba. Hannunka na gani. Wanda ya rubuta shi zai mayar, kai ka karɓa da idonka. Kafin jan nan ya bar sama."

Saura kamar faɗin tafin hannu a kan gonaki. Iftikar ya ɗauki waya. Lambar tana nan, bai taɓa gogewa ba. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Shabnam ta sa goshinta a ƙafar 'yarta.

Aka ɗauka. Numfashi ya fara zuwa, sannan muryar Zakir, a ƙasa-ƙasa.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa tukuna. Zakir, na ga rubutunka. Yau na gani. Don Allah buɗe kwamfutarka, Rubina ce."

Zakir bai tambayi komai ba. Aka ji kujera ta faɗi a can, aka ji gudu. Iftikar ya kashe Mai Sulhu, ya goge shi. Jan sama ya koma kamar zare. Sai allon ya motsa, kibiyoyi bakwai suka fito, da zane bakwai, da wasu bakwai, abin da bai gani ba shekara biyu.

"Karanta mini naka, in karanta maka nawa," in ji Zakir. "A hankali, Bhaiya. Kada ka juya su, na san ka."

Suka bi layi-layi. Iyakar ta miƙe har zuwa kusurwa, ta kauce taku goma sha biyu, ta ci gaba. Iftikar ya danna.

Molbi ya kama ƙaramin yatsan ƙafar yarinyar ta hagu. "Ta nan za ka fita, ba ta ido ba, ba ta kunne ba. Ka yi sallama."

"Kakanta ya fi ubanta ladabi," in ji muryar, ta yi nisa. "Assalamu alaikum."

Rubina ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Ba dutsen da ya faɗo. Can sai ta buɗe ido ta ce, "Ammi, yunwa nake ji." Duk suka tsaya suna jira. Ba wata muryar da ta ƙara komai a kai.

Wayar tana hannun Iftikar, ba a kashe ba.

"Bhaiya? Kana nan?"

"Ina nan."

"Akwai wani karon a gonar Mahendra, tun watan jiya."

Iftikar ya share fuskarsa da hannun riga, ya jawo kujera.

"Karanta mini," ya ce.